Kujerar Gaba

Matata Miriyam ta mutu wata ranar Asabar a watan Nuwamba, a hanyar Kwoi, cikin motar cocinmu. Motar cike take da matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, za su taro. Ita kaɗai ta mutu.

Sunana Kaleb. Tarihi na koyar a sakandare a nan Kafanchan har na yi ritaya, shi ya sa har yau yara da iyayensu Tica suke ce mini. Na karanta littattafai fiye da yadda ya amfane ni. Abin da na tsinta a cikinsu kaɗan ne, kuma ga shi: in ɓarna ta auku, mutane sukan nemi wanda ba zai iya musu ba su ɗora masa. A wajenmu Allah ake ɗora wa, don ba ya zuwa taron kwamiti.

Direban motar Baba Dogara ne. Duk wanda ya tashi a cocinmu ya shiga motarsa. Shi ya ɗauko Miriyam daga gidansu a Kagoro ranar aurenmu, shi ya kai gawar mahaifina ƙauye. Ba ya shan giya, ba ya gudu, ba ya tayar da mota sai ya cire hula ya yi addu'a. Yana da labari guda da yake so, labarin ranar da aka gwada shi tuƙi. Wai jami'in ya tsayar da shi a kan gangara, ya ajiye kwalin ashana a bayan taya, ya ce ya tashi. Ya tashi bai taɓa kwalin ba. Na ji labarin nan har na iya bayar da shi da muryarsa. Gaskiya ne kuma. Sai dai lokacin ina firamare. Tun ranar babu wanda ya sake tambayarsa ko yana ganin hanya. In lasinsa ya ƙare, sai ya ba wani ɗan 'yar'uwarsa hoto, bayan kwana biyu lasin ya dawo sabo fil. Hoton ne ke zuwa ofis, kuma idon hoton garau yake.

Idon Baba Dogara na gaskiya kuwa, yanar ido ce ke rufe shi a hankali. Miriyam ce ta fara lura, don ta yi aikin jinya kafin ta ajiye. Ta same shi shi kaɗai, ta ce ya je a yi masa aiki, abu ne mai sauƙi. Ya ƙi. Yayansa ya taɓa shiga asibiti da ido ɗaya ya fito babu ko ɗaya, kuma ba wanda zai fitar masa da wannan daga kai. Ni na kai maganar gaban dattawan ikilisiya. Aka saurare ni da haƙuri kamar yadda ake sauraron mai zazzaɓi. Dattijo Meshak, shugaban kwamitin mota, ya ce, “Tica, nan ba aji ba ne. Mutumin da ya girme mu duka za mu ba jarrabawa? Ya taɓa buge ko kaza?”

Bai taɓa ba. Aka rufe da addu'a.

Da Miriyam ta ga ba za a karɓi makullin ba, sai ta karɓi kujerar gaba. Duk tafiyar da Zumunta za ta yi, ita ce a gefen direba. Ba ta taɓa ce masa “taka birki” ko “kauce” ba. Hira take yi masa.

“Kai, Baba, dubi wannan mai mashin a damanka, kamar kuɗin haya ke binsa.”

“Ashe har yau ba su cike ramin nan na gaban gada ba.”

“Su wa suka sako awaki haka a tsakiyar titi?”

Shi kuma sai ya ce, “Na gan shi, Maman Tamar, na gan shi,” ƙafarsa ta riga ta sauka a birki. In ya iso mararraba yakan ce, “Maman Tamar, dama fa?” kamar mai tambayar lafiyar gida. Kowa a motar ya san abin da ake yi, ba wanda ya taɓa kiransa da suna. Ita kuwa da zarar ta zauna a kujerar nan sai ta kashe wayarta ta jefa a jaka. Ko gidanmu ke cin wuta, sai ta sauka za ta ji.

Nakan ce mata karen mota. Takan ce, “Gara karen mota da karen littafi. Ni aƙalla ina zuwa wani wuri.”

“Ranar da kika kwanta ciwo fa?”

“Sai in warke a hanya.”

A watan da abin ya faru hankalinta ma ba a kan Zumunta yake ba. 'Yarmu Tamar na da tsohon ciki a Kaduna, na fari, bayan jira mai tsawo. Miriyam ta riga ta haɗa jakar zuwa jego ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki: zannuwa, yaji da ta daka da hannunta, busasshiyar citta daga gonar ƙanwarta. Kullum sai na yi tuntuɓe da jakar nan, kullum sai ta ce in buɗe ido.

A watan ne kuma aka kawo mana sabon fasto daga wajen Kagarko, Rabaran Ishmael, da matarsa Mama Hellen. Tsohuwar Mama Fasto ƙafa ta hana ta tafiye-tafiye tun tuni, shi ya sa ba wanda ya taɓa yin tunanin abin da zai faru in aka sami mai iya tafiya.

Yadda safiyar ta kasance, Emilia ce ta ba ni labari. Ita ce shugabar Zumunta, ƙawar Miriyam tun suna 'yan mata. Ta zo gidana bayan jana'iza da hannu a naɗe a wuya, ta zauna a bakin kujera kamar wadda aka kawo ƙara.

Ta ce Miriyam ta riga ta zauna a gaba sai ga Mama Hellen ta iso da sabon zanen Zumunta. A wajenmu ba a sa matar fasto a baya. Ba doka ba ce, ba a rubuta ta ko'ina ba, shi ya sa ba mai iya karya ta. Mata suka fara, “Mama, gaba! Mama, ga wurinki!” Miriyam ta dubi Emilia, Emilia ta dubi ƙasa. Baba Dogara na zaune riƙe da sitiyari, yana jin komai.

Na ce, “Ba wadda ta ja Mama Hellen gefe ta faɗa mata?”

“Tica, a ce mata me? Baƙuwa ce, ko wata ba ta yi ba. A ce mata direbanmu makaho ne, ga shi zaune yana ji?”

Miriyam ta sauka ta ba ta wurin. Ta nemi kujerar bayan direba, amma tsofaffi masu ciwon gwiwa sun riga sun cika layin, ga tulunan kiɗa da kulolin abinci an cusa a tsakani. Ba a ta da tsohuwa. Haka aka yi ta matsawa da ita cikin ladabi har ta kai kujerar ƙarshe.

Sun wuce gari lafiya, don Baba ya san hanyar kamar tsakar gidansa. Ramukan da ya sani duk ya kauce musu. Abin da bai sani ba shi ne wata babbar mota mai lodin citta ta lalace da asuba bayan wata kwana. Masu motar sun yi abin da kowa ke yi: sun karyo rassa sun jera a kan kwalta tun daga nesa. Duk mai ido ya san ma'anar ganye a titi.

Mata na waƙa, ana buga tulu. Mama Hellen ta ga ganyen, ta ɗauka direba ya gani. Wa zai ɗauka akasin haka? Miriyam ma ta hango daga can baya. Emilia ta ce ta miƙe tsaye, tana ƙoƙarin tsallake kujera, tana ihu, “Baba, ganye! Baba, ganye!” Karo na farko ke nan da ta yi masa magana ba a cikin hira ba. Waƙa ta danne muryarta. Sai da motar cittar ta cika masa gilashi sannan ya gan ta. Ya murɗa sitiyari, motarsu ta sauka gefe ta kife. Duk wanda ke zaune ya tsira da karaya ko ƙujewa. Ita kaɗai ce a tsaye.

Jana'izar ta yi jama'a. Tamar ba ta zo ba, tana ɗanyen jego, likita ya hana. Masu ta'aziyya suka yi ta shigowa suna gaya mini cewa lokacinta ne ya yi. Wasu suka zagi masu motar citta, wasu suka zagi gwamnati da hanya. Duk na yarda da su. Ba wanda ya ambaci ido. Mama Hellen ta zo da kanta, ta durƙusa tana kuka, ta ce ita ta rasa yadda aka yi, ganyen a fili yake. Na duba fuskarta na ga har yanzu ba wanda ya gaya mata. Baba Dogara kuwa ya zauna a bayan rumfa da filasta a goshi, mutane na yi masa sannu.

Bayan Kirsimeti wani ɗan cocinmu da ke Abuja ya aiko da sabuwar bas. Aka sanar ranar Lahadi cewa za a keɓe ta da addu'a bayan sujada, kuma tafiyarta ta farko ita ce kai matan Zumunta Kagoro. Aka yi guɗa. Na tambayi na kusa da ni wa zai tuƙa. Ya dube ni kamar na tambayi wa zai yi wa'azi.

Na bi dattawa ofishin fasto ba tare da an gayyace ni ba. Makullin na kan tebur, an ɗaura masa jan kyalle.

Na ce, “Wa za a ba?”

Dattijo Meshak ya ce, “Tica, zauna tukuna. Mun san zuciyarka da ciwo.”

“Zuciyata ba ta tambayi kowa komai ba. Bakina ne ya yi tambaya.”

“Baba Dogara mana. In muka karɓe yanzu, kamar mun ce shi ya kashe ta. Mutumin zai mutu da baƙin ciki. Kai mai bi ne, ka san maganar gafara.”

“Na gafarta masa. Ku gwada idonsa.”

“Lasinsa yana da rai. Ga shi ma sabo, bara aka yi.”

“Na sani. Lasin ne zai tuƙa?”

Rabaran Ishmael ya dubi wannan ya dubi wancan. Mutum ne mai hankali, amma baƙo, kuma baƙo ko da ido makaho ne a gari. Ya ce, “Akwai wani abu game da idon Baba da ban sani ba?”

Wani ya gyara hula, wani ya duba agogo. Dattijo Meshak ya ce, “Tsufa ne kawai, Rabaran. Dukanmu muna sa tabarau.”

Na ga in na ce makaho ne, za su ce baƙin ciki ke magana, a rufe da addu'a kamar wancan karo. Sai na ce, “To, na janye. Ku ba shi. Abu ɗaya nake roƙo, albarkacin matata. In an gama addu'a, ya ɗauke mu daga nan zuwa shataletale mu dawo. Dattawa duka a ciki. Ni zan zauna a gaba. Kuma daga tashi har dawowa ba mai magana.”

Rabaran ya ce, “Wannan ai ba wani abu ba ne.”



Aka yi addu'a a filin coci da rana tsaka, aka ɗora hannu a kan bas, mata suka yi waƙa. Aka miƙa wa Baba Dogara makulli, ya karɓa da hannu biyu. Da Rabaran ya sanar cewa dattawa za su ɗana motar, sai na ga abin da ban taɓa gani a littafi ba. Wani dattijo ya tuna yana da baƙi a gida. Wani cikinsa ya murɗa. Wani ya ce shi zai bi mu a baya da mashin don ya ga yadda tayoyin ke juyawa. Dattijo Meshak ya sa ƙafa ɗaya a matakala, wayarsa da ba ta yi ƙara ba ta kira shi. Mutanen da za su zuba matansu a motar nan ranar Asabar, ba ɗaya da ya yarda ya kai shataletale a cikinta.

Rabaran Ishmael ya tsaya yana kallonsu. Ina jin a nan ya fara ganewa, amma ya shiga. Emilia ta shiga da hannunta da bai gama warkewa ba. Mama Hellen ta nufo ƙofar gaba, don an riga an koya mata nan ne wurinta.

Na ce, “Mama, yau ki yafe mini kujerar nan.”

Ta koma baya kusa da mijinta.

Ban taɓa zama a wurin ba. Kujera ce kamar kowace, leda ma ba a cire mata ba. Baba Dogara ya cire hula ya yi addu'arsa, ya tayar da mota. Ya ce, “Tica, kai ne?”

Na yi shiru, don sharaɗin da aka yi ke nan.

Na rantse ban taɓa ganin tuƙi mai kyau kamar wanda ya yi a cikin filin nan ba. Ya yi baya, ya kewaye bishiyar mangwaro, ya bi ta gefen ajin Lahadi, ko ɗigon ruwa ba zai zube a kofi ba. Hannun da ya bar kwalin ashana lafiya yana nan yadda yake. Har na fara tsoron zai kai mu ya dawo da mu da ƙwaƙwalwa kawai.

Sai muka iso ƙofar coci, inda ake hawa babban titi. Ranar Lahadi ce, an tashi daga coci-coci, mashina da keke suna ta wucewa ta kowane ɓangare. Ya tsaya. Ya matso da fuskarsa kusa da gilashi. Ya goge gilashin da hularsa, ko da yake sabo ne. Ya saki birki kaɗan, ya sake takawa.

Daga baya na ji Emilia ta fara, da muryar hira, “Kai, Baba, yau mashina kamar...”

Na ɗaga hannu. Ta haɗiye sauran.

Muka zauna. Injin na kaɗawa. Mai mashin da ke bayanmu ya yi ta danna oda. Zufa ta gangaro wa tsohon ta kan tabon goshinsa. Ya karkato kansa wajena, bai dube ni ba, ya yi magana a hankali yadda ya saba.

“Maman Tamar, dama fa?”

Na ji Mama Hellen ta ja numfashi, na ji ta ce, “Wayyo Yesu,” ƙasa-ƙasa. Ta gane. Da na iya da na hana ta ganewa a haka, amma an daɗe da wuce inda za a zaɓi hanya mai taushi.

Baba Dogara ya ja birkin hannu. Ya kashe mota. Ya zare makullin ya riƙe shi a cinya, jan kyallen na lilo.

Ya ce, “Tica, ran nan na ji ta. Na ji ta kira ni. Sai na juya nan gefen, inda take zama, ina jira ta gaya mini.”



Ya miƙa makullin ta bayan kafaɗarsa, Rabaran ya karɓa. Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya tsaya a bakin titi da hula a hannu. Mashin ya wuce ta gabansa har iska ta kaɗa rigarsa. Emilia ce ta sauka ta kama hannunsa ta tsallakar da shi.

Kada wani ya ɗauka na ci nasara. An ɗauki sabon direba, ƙaƙƙarfa mai ido kamar na shaho. Na tambaye shi inda aka gwada shi kafin a ba shi lasin, ya yi dariya ya ce, “Tica, ka cika wasa.” Rabaran ya sa an yarda cewa duk shekara direban coci zai je a duba idonsa, a kuma zagaya da shi gari. Dattawa duka suka ɗaga hannu, har da mai ciwon ciki. Za mu ga ranar da wannan ma ya yi furfura. Baba Dogara yana gida, an ce har yanzu ya ƙi asibiti. Wani lokaci nakan wuce in gan shi a ƙofar gida. In na gaishe shi ya amsa, in ban gaishe shi ba bai san na wuce ba.

Jakar jegon na nan a bakin ƙofar ɗaki. Tamar ta ce in aiko da ita, na ce sai an sami mai zuwa. Na daina tuntuɓe da ita.

Safiyar Asabar ɗin da Miriyam ta mutu, ba su daɗe da tashi ba wayata ta yi ƙara. Justin ne, mijin Tamar, yana magana yana haki kamar wanda ya yi tsere. Naƙuda ta zo kafin lokacin da aka ɗiba, komai ya wuce lafiya. Ya ce sun yi ta tunanin wa za su fara kira, Tamar ta ce a bar Baba ya gaya wa Mama da bakinsa. Na nemo sunanta a waya, yatsana na kai, sai na tuna tana kujerar gaba, wayar a kashe take. Na ajiye. Na fito baranda na zauna ina shirya yadda zan yi in ta dawo da yamma. Zan ɗaure fuska. Zan bari ta cire takalmi, ta fara ba ni labarin wadda ta yi waƙa ba daidai ba. Sai in ce mata, ke karen mota, ɗauki jakarki.

Da suka kawo mini kayanta daga asibiti, wayar na cikin jakar hannunta, a kunne. Ranar ba ta da dalilin kashe ta.

Miriyam, Tamar ta sauka lafiya. Mace ce.